Hancin Bushiya da Igiyar Biri

An yi wani tsohon mangwaro a bakin wani rafi, can bayan gari inda gonaki suka ƙare daji ya fara. Ba wanda ya san wanda ya shuka shi saboda tsufa. 'Ya'yansa kuwa, yara, kada ku so ku ji zaƙi. Idan ɗaya ya faɗo ya fashe, ƙudan zuma ma sai sun yi faɗa a kansa.

Dabbobi uku ne suka mai da wurin gida. A sama akwai Biri, wanda bai taɓa yin kuskure ba tun da aka haife shi, in ji shi. A gindi, cikin wani rami tsakanin saiwoyi, akwai Bushiya da 'ya'yanta. Ita kuwa uwar fargaba ce, ko ganye ne ya faɗo sai ta dunƙule tukuna, sannan ta leƙo ta tambayi abin da ya faru. Na ukunsu Damo ne, sarkin haƙuri, tsoho tukuf, aikinsa ya kwanta a kan saiwa ya sha hantsi.

Ana nan ana nan, wata shekara da farkon damina, hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, baƙi ƙirin. Dama rafi ya daɗe yana cin gaɓar a hankali. Iska ta taso, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Sai tsohon mangwaro ya yi wata irin ƙara, ya kwanta cikin rafi, saiwoyinsa suna kallon sama.

Allah ya sa ba wanda ya mutu. Amma Bushiya ta wayi gari ba gida. Ta kwashe 'ya'yanta ta kai su ƙarƙashin wata 'yar ƙaya da ba ta da inuwar kirki. Ga shi ƙayar jikinsu ba ta yi ƙwari ba tukuna, ga shirwa kullum tana shawagi a sama. Bushiya ta rame, ko barcin kirki ba ta yi.

Wata safiya tana tone-tone kusa da inda mangwaron ya faɗi, sai ta ga tsiro biyu. Ƙwallayen bara ne suka tsira a inuwar tsohon, suka tashi sirara. Ɗaya dogo, ɗaya gajere mai ɗan karkace. Ruwa kuma ya fara wanke ƙasar da ke riƙe da su.

"Baba Damo! Yaya Biri! Ku zo ku gani, ashe ya bar 'ya'ya!"

Damo ya jawo jiki ya zo ya duba. Can ya ce, "Su ke nan suka rage a zuri'arsa. In muka bar su nan, rafi zai cinye su kamar yadda ya cinye ubansu. Sai dai a cire su da ƙasarsu, a dasa su a kan tudu."

Kafin ya rufe baki Biri ya dafe dogon. "Wannan nawa ne."

"Haba Yaya Biri," in ji Bushiya, "ni fa na gan su."

"Kin gan su, ni kuma na zaɓa. Ke da ko reshe ba ki taɓa hawa ba, me kika sani game da itace? Ɗauki gurgun, ya fi kama da ke."

Abin ya yi wa Bushiya ciwo, amma ba ta iya faɗa ba. Ta ɗauki gajeren ta rungume. Ta ce a ranta, in dai wannan ya rayu, wata rana 'ya'yana za su sake kwana a tsakanin saiwa.

Suka hau tudu suka dasa, kowa da nasa, tsakaninsu ba nisa. To amma tudu ba gaɓar rafi ba ne. Iska kaɗan ta kaɗa, sai dashen nan biyu suka kwanta har ganyensu na taɓa ƙasa. Bushiya ta dunƙule, ta buɗe, ta sa kuka.

"Share hawayenki, 'yata," in ji Damo. "A inuwa suka tashi, ba su san iska ba. Turke suke bukata, su dogara da shi kafin su kama ƙasa."

Ya jawo wata sandar geza da bakinsa. Ya nuna wa Bushiya inda za ta tona, ta gabas inda hadari ke fitowa, ɗan nesa da gindi don kada ta tsinke saiwa. Ta tona, suka kafa, Damo ya bubbuga ƙasar da wutsiya har ta zauna. Sannan ya aike ta ta saɓo ɓawon rama mai laushi, suka murza igiya.

Bushiya ta zagaya igiyar ta fara ja da iyakar ƙarfinta.

"A'a, a'a! Sassauta," in ji Damo. "Ɓarawo kika kama?"

"Baba, in ban ɗaure tamau ba ai zai faɗi."

"Ba zai faɗi ba. Zura hancinki tsakanin igiyar da jikinsa."

Ta zura. Kun san hancin Bushiya, ɗan tsinini. Ya shiga daidai.

"To, ma'auninki ke nan. Duk ranar da kika zo hancinki ya ƙi shiga, ki kwance ki sassauta. Ki bar shi ya motsa. Turken don kada ya kwanta ne, ba don kada ya girgiza ba."

Biri yana gefe yana kallo, dariya har da riƙe ciki. "Wai hanci! Yau na ga noman hanci. Ku tsaya ku ga yadda manya ke aiki."

Ya ruga daji ya dawo da sandunan kirya guda uku, irin itacen da gara ke gani ta canza hanya. Ya kafa su kewaye da dashensa. Ya gangara rafi inda majema ke jiƙa fatu, ya faki ido ya sato wata doguwar tsagaggiyar fata, jiƙe sharkaf. Ya naɗe dashen da ita tun daga ƙasa har wuya, ya ja, ya taka da ƙafa ya sake ja, ya ƙulle a jikin sandunan.

Dashen ya miƙe ƙyam. Ko ganyen ƙasa bai isa ya motsa ba.

Damo ya ce, "Biri, ɗanyar fata ce fa. In ta bushe tsukewa take yi."

"Haka nake so. Ba ku ne kuke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba?"

"An ce a tanƙwara, ba a ce a shaƙe ba."

"Tsoho, koma ka sha hantsinka. Mai wutsiya a ƙasa ba zai koya wa mai wutsiya a sama sha'anin bishiya ba."

Damo ya juya. Ya hau kan wani dutse da ya mayar wurin shan hantsinsa, ya lumshe ido.

Damina ta yi nisa. Gaskiya, yara, duk wanda ya hau tudun nan a lokacin, dashen Biri zai fara yabawa. Ya zarce sama siriri, miƙaƙƙe sak, ya bar na Bushiya a ƙasa. Zomaye da kurege in sun zo wucewa sai sun tsaya sun ce, "Kai, wannan itace da kyau yake!" Biri kuwa yana zaune a kan sandar kirya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana amsa gaisuwa.

Na Bushiya fa? Rangaji kawai. Iska ta zo daga gabas ya sunkuya, igiya ta tare shi, ya dawo. Ta zo daga yamma ya karkata, ya dawo. Biri ya raɗa masa suna Ɗan Rawa.

"Bushiya, ina kwana? Ya Ɗan Rawa? Yau wane kiɗa ake masa?"

Kunya ta ishi Bushiya, tsoro kuma ya fi kunyar yawa. Duk sunkuyawar da dashen zai yi sai gabanta ya faɗi. Wata rana da aka yi iska mai ƙarfi, ta ga ya lanƙwasa har ta rufe ido. Da iskar ta lafa, ta kasa daurewa. Ta lallaɓa wajen Biri, kai a ƙasa.

"Yaya Biri, don Allah ko akwai ragowar fatar nan? Ko guntuwa ce ka taimake ni."

Wayyo, zo ku ga Biri! Ya kumbura, ya gyara zama. Ragowar fatar tana nan rataye a kafaɗarsa, amma sai ya ce, "Au, hancin ya gaza? Ai fata ba ta kowa ba ce. Da guminmu muka samo. In na ba ki, naki ya miƙe, wa zai bambance itacen manya da na talakawa? Je ki, Allah ya ba da haƙuri."

Bushiya ta juyo tana hawaye. Ta tarar da Damo a gindin dashenta.

"Daga ina?"

Ta gaya masa gaskiya, tana jiran faɗa. Damo ya yi murmushi irin nasa ya ce, "Wani hanin ga Allah baiwa ne. Zo ki taɓa nan ƙasa."

Ta sa hannu a gindin dashen. Ranar da aka dasa shi da hannu ɗaya take zagaye shi. Yau sai da ta sa biyu.

"Je ki leƙi gindin na Biri."

Ta leƙa daga nesa. Yana nan siriri kamar ranar da aka dasa shi, tsawo kawai ya ƙara.

"Duk lokacin da iska ta tura naki," in ji Damo, "sai ya ƙara kafa saiwa, ya ƙara kauri don ya tare ta. Rawar nan da ake masa dariya, ita ce abincin ƙashinsa. Na Biri bai taɓa tare komai ba, kirya ce ke tare masa."

Daga ranar hankalin Bushiya ya ɗan kwanta. Ban ce ta daina tsoro ba, mai hali ba ya fasa halinsa. Amma ta samu abin yi. Kowace safiya ta zo ta zura hanci. Ranar da ya shiga, ta yi hamdala. Ranar da ya ƙi, ta kwance ta sassauta. Da rani ya shigo ta riƙa jiƙa gansakuka a rafi tana kawowa tana matsewa a gindin, ta tara busasshen ganye ta rufe don kada laimar ta gudu. Ganyen Ɗan Rawa ya yi duhu, ya fara fitar da rassa. Har ya yi 'yar inuwar da 'ya'yanta ke kwanciya da rana, shirwa ta zo ta duba ba ta ga kowa ba.

A can wajen Biri kuwa, fata ta bushe ta ƙanƙance, ta nutse cikin ɓawo. Saman kowane ɗauri ya kumbura, wani danƙo yana tsatsowa.

Bushiya ce ta fara gani, don ba ta da riƙo. "Yaya Biri, itacenka kuka yake yi. Ka sassauta masa mana."

"Kuka? Ƙiba ce, jahila. Maiƙo ne ya yi masa yawa. Hassada ce ke damun ki."

Ta juya ta koma wajen nata dashen.

Shekara ta zagayo, gabas ta fara yin duhu. Wata safiya Damo ya zo ya zagaya Ɗan Rawa, ya tura shi da kai, ya ce, "To, 'yata, lokaci ya yi. Kwance igiyar, a cire turken."

Bushiya ta dunƙule nan take. Daga cikin ƙaya muryarta ta fito: "Ban ji ba."

"Kin ji sarai."

Ta buɗe, ido jawur. "Baba, yanzu da hadari ke tafe? Shekara guda ina wahala, ka ce in sake shi? A bari sai baɗi. Ko baɗin baɗaɗa. Turken me ya tsare maka?"

"Goyo ma ana sauke shi, Bushiya. Kin taɓa ganin wanda ya koyi tafiya a bayan uwarsa?"

"Ni dai ba zan kwance ba!"

Wannan ne karo na farko da ta ɗaga wa Damo murya, har ita kanta ta tsorata. Ta ruga ta rungume turken, wai kada a taɓa shi.

Tana rungumarsa sai ta ji ya burme a ƙirjinta. Ƙasa-ƙasa ta zubo mata a ka. Ta ja da baya ta duba. Ashe gara ta daɗe da cinye cikin sandar gezar nan, ta bar ɓawo kawai. Gindin turken ma ba ya taɓa ƙasa. Lilo yake yi a jikin igiya.

Bushiya ta tsaya baki buɗe. Ta dubi turken, ta dubi itacen, ta sake duban turken.

"Baba," ta ce a hankali, "ashe ba turken ke riƙe da shi ba. Shi ke riƙe da turken."

"Tun tsakiyar rani," in ji Damo. "Na gani, na ce bari in ga ranar da za ki gani."

Sai Bushiya ta fashe da dariya, tana yi tana hawaye, irin dariyar da ba ta yi ba tun ranar da tsohon mangwaro ya faɗi. Ta ciji igiyar ta tsinke, ragowar turken ya zube. Iska ta kaɗo, Ɗan Rawa ya yi ɗan rangajinsa, ya tsaya da ƙafarsa.

Kafin azahar labari ya bazu. Zomaye, kurege, har da gafiya suka hau tudu kallon itacen da ya tsaya ba turke. Duk suka ba wa na Biri baya.

To, kun san Biri zai iya jure yunwa, amma ba zai iya jure a yabi wani ba. Ya diro daga kan sandarsa.

"Me kuke kallo? Wannan gurgun? In tsayuwa ce, ku zo ku ga tsayuwa! Nawa da ya sha tarbiyya shekara guda!"

"Biri, dakata," in ji Damo. "Naka ba a sake shi rana ɗaya. Ka fara sassauta ɗauri ɗaya, ka..."

"Tsoho, yau ma?"

Ya sa haƙori ya gutsure ƙullin sama, ya gutsure na tsakiya, ya gutsure na ƙasa. Ya tumɓuke sandunan kirya ya yi jifa da su. Ya ja da baya ya buɗe hannuwa yana jiran tafi.

Itacen ya ɗan tsaya, kamar yana tunani. Sannan ya fara sunkuyawa, a hankali, a hankali, har kansa ya kwanta a ƙasa laƙwas. Ko iska ba a yi ba.

Wani ɗan zomo ya tuntsire da dariya, uwarsa ta make shi.

"Gaisuwa yake yi!" in ji Biri, gumi na karyo masa. "Ladabi ne! Tashi mana, kai!"

Ya cafki kan itacen ya fizgo da ƙarfi don ya miƙar da shi. Daidai inda fatar ta fi cin ɓawo, sai aka ji ƙaras! Biri ya tafi da baya riƙe da rabin itace, ya gangara tudun, bai tsaya ko'ina ba sai cikin ƙarangiya. Ihun da ya yi har majema sun ji a bakin rafi.

Da la'asar hadarin ya iso. Bushiya ta tara 'ya'yanta a gindin Ɗan Rawa, ta dunƙule kamar yadda ta saba, amma wannan karon ta bar ido ɗaya a waje. Iska ta murɗa shi gabas, ta murɗa shi yamma, ta kwashe masa ganye kaɗan. Da ruwa ya ɗauke yana nan tsaye, yana ɗiga. Washegari Bushiya ta fara haƙa sabon rami a tsakanin saiwoyinsa.

Biri kuwa ya ɓace, ba a gan shi ba har ƙarangiyar da ke jikinsa ta gama fita. Wurin dashensa ba abin da ya rage sai ɗan kututture.

Amma zuri'ar tsohon mangwaro tana da taurin rai. Da damina ta yi tsakiya, sai ga ɗan toho ja ya fito a gefen kututturen. Ya yi tsawo, siriri, iska ta fara kwantar da shi.

Wata safiya Bushiya tana shara a bakin sabon raminta, sai ta ji ana gyaran murya. Ta ɗaga kai. Biri ne tsaye, da sandar geza a hannu ɗaya, ɓawon rama a ɗayan. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya.

"Ina kwana, ƙanwata."

"Lafiya lau, Yaya Biri. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Dama... na kafa ta gabas, kamar yadda tsoho ya ce. Na murza igiyar. Sai dai ni hancina a baje yake, ya ƙi shiga ko'ina. Ko za ki ara mini naki?"

Damo yana kan dutsensa, ido a lumshe, amma cikinsa sai rawa yake yi don dariya.

Bushiya ta tuna ranar da ta roƙi guntuwar fata. Ta buɗe baki za ta ce hanci ba na kowa ba ne, har maganar ta zo kan harshenta. Sai ta dubi inuwar da ke kanta, ta ga ba ta da sauran abin jin haushi a duniya. Ta ajiye tsintsiya.

"Mu je," ta ce. "Amma kullum da safe ne fa, kuma kai za ka riƙa zuwa ɗauka ta."

Haka kuwa aka yi. Shekaru suka shuɗe, Ɗan Rawa ya zama ƙaton mangwaro, ya yi 'ya'ya masu zaƙi irin na ubansa, jikokin Bushiya suka cika saiwoyinsa. Na Biri ma ya rayu, sai dai ya tashi gajere, da tabo a gindi, bai taɓa kamo ɗan'uwansa ba. Duk baƙon da ya tambayi Biri dalilin tabon, sai ya ce yana da uzuri a wani wuri.

Darasin wannan labari shi ne, ƙarami yana bukatar abin dogara, amma a bar masa wurin motsi, kuma in ya yi ƙwari a sake shi ya tsaya da ƙafarsa. Wanda aka ɗaure tamau don a ce ya fi na kowa kyau, ranar da aka kwance shi zai kwanta. Girman kai kuwa rawanin tsiya ne, yara. Shi ya hana Biri jin shawara kyauta, har sai da ya zo aron hanci.